Tiyon Pappa Reino

Abin da ya fi ba ni haushi da na dawo gida daga kwalejin koyon aikin daji shi ne bayan motocin garinmu. Leƙa kowace akori-kura a gidan mai, za ka ga zarton inji kwance tsirara, haƙoran sarƙarsa a waje, yana gungurawa tsakanin jarkar fetur da gatari da takalman roba, kare kuma yana tsallake shi. Shekara uku ana koya mini cewa zarto in ba yanka yake yi ba, dogon ƙarfensa yana cikin kube. A nan kuwa da ka yi magana sai a ce, "Ai a kashe yake." Sai ka ce sarƙa tana jiran inji kafin ta yage wa mutum ƙauri. Kawu Urho, ƙanin mahaifiyata, ɗinki goma sha ɗaya ne a tafin hannunsa, don ya laluba bayan mota yana neman ƙunshin abincinsa. Har yau cewa yake laifin abincin ne.

Muna da ƙungiyar sa-kai ta itacen wuta, dattawa tara, ni ce ta goma. Kowane watan Yuni sai mu sare, mu faskara, mu jera wa waɗanda ƙarfinsu ya ƙare, ya sha iska ya bushe kafin dusar ƙanƙara. Bana wadda ke kan gaba ita ce Inna Impi Saarinen. Shekararta tamanin da huɗu, ita kaɗai take zaune a ƙarshen hanyar tafki, kuma murhun itace ne kawai ke ɗumama gidanta. Ɗanta Carl da ke Milwaukee ya riga ya yanke magana: ranar huɗu ga Yuli zai zo, in bai tarar da rumfar itacenta cike ba, da ita zai koma. Har ɗaki ya samo mata a gidan kula da tsofaffi.

"Na tambaye shi ko akwai sauna," in ji ta, wato ɗakin wankan tururi irin namu. "Ya ce akwai talabijin. Ki ji fa, Aila. Talabijin!"

Itacen da zai cika rumfar yana nan. Guguwar bara ta kayar da manyan bishiyoyin mapul a dajin ƙaramar hukuma, suna kwance ba mai taɓawa. Ni na cike takardu, ni na yi ta zarya ofis, har aka ba mu Asabar ɗaya tak. Jami'in daji, Mista Beaudoin, zai buɗe ƙofa ƙarfe takwas, ya jira mu rabin awa. Sharaɗinsa a rubuce yake: kowa da hular kwano, kowa da wandon kariya, kuma kowane zarto ya iso da ƙarfensa a rufe daga tushe har baki. Motar da aka ga zarto tsirara a cikinta ba za ta shiga ba.

Da na karanta musu a zauren 'yan kashe gobara, inda muke taro, wallahi daɗi na ji. Abin da na yi wata shida ina faɗa suna dariya, yau ga shi da hatimi.

"To Farfesa," in ji Kawu Urho, "sai ki ɗinka wa zartunan namu riguna. Nawa mai fure yake so."

"Kada ka damu, Kawu. Na riga na tanada."

Na kuwa tanada. Tsohon malamina ya aiko mini da kube tara na roba, ruwan lemo, sababbi ful, cikin kwali. Littafi ya ce zarton itacen wuta ƙarfensa inci goma sha takwas ne zuwa ashirin, nawa ma sha takwas ne, don haka na inci ashirin na roƙa. Ban raba musu ba. Na san halinsu: in na ba su ranar Laraba, kafin Asabar wani ya mayar da nasa mazurarin mai, wani jikansa ya yi takobi da shi. Na kulle kwalin a ɗakina.

Ranar Juma'a da yamma na wanke motar kakana, Pappa Reino, don kada mu je gaban hukuma da juji. Na kwashe gwangwanaye, tsummoki, safar hannu wari ɗaya, da wani guntun abu baƙi ƙirin da mai, mai kama da mushen maciji, wanda tun ina ƙarama nake ganinsa a bayan motar. Duka na zuba a kwandon shara na zauren.

Asabar ƙarfe bakwai saura kwata muka haɗu. Sauro ya riga mu zuwa. Inna Impi ta sa an ɗauko ta, ta zo da burodin nisu guda uku da tulun gahawa, ta ce ba za a yi mata aiki tana kwance ba. Na sa kowa ya jera zartonsa a kan teburin zaure, na buɗe kwali kamar mai rabon kyauta, na fara da na Kawu Urho.

Kuben ya shiga sumul. Ya tafi, ya tafi, sai ya tsaya. Tsakanin bakinsa da inji akwai fiye da taƙi guda na sarƙa tana kallona.

Na ƙara turawa. Ko motsi.

Na koma kan na Eero Wuori, mai gyaran mota. Haka. Na koma na gaba, wannan ma ya fi muni, kusan rabi a waje. A cikin tara, ɗaya ne kawai ya dace.

Kawu Urho ya riƙe ciki. "Jama'a ku zo ku ga ƙato da wandon jariri!"

Zauren ya ɗauki dariya. Ni kuwa fuskata zafi take kamar na leƙa murhu.

"Inci nawa ne wannan?" na tambaya.

"Ashirin da takwas."

"Nawa talatin da biyu," in ji Eero, har da alfahari.

"Don Allah me mutum zai yi da inci talatin da biyu a itacen murhu? Wa ya koya muku haka? Ba littafin da ya ce haka!"

"Littafin naki shekararsa nawa?" Pappa Reino ne ya yi magana, yana tsoma nisu a gahawa. "Bayana ya daina lanƙwasawa tun kina aji biyu. Da gajeren ƙarfe sai na durƙusa a kan kowane gungume, kuma in na durƙusa sai an zo da mota an ɗaga ni. Da dogo kuwa a tsaye nake yankana. Duk wanda kika gani a nan, yawan furfurarsa, tsawon ƙarfensa."

Na dubi teburin. Haka ne kuwa. Wata shida ina hararar zartunan nan a bayan motoci, ban taɓa ɗora awo a kan ko ɗaya ba.

Na dubi agogo, bakwai da minti biyar. Daji tafiyar minti arba'in ce. Kantin da ke sayar da dogon kube yana can birni, awa biyu zuwa da dawowa. Na dubi Inna Impi. Ba ta yi dariya ba. Tana ta goge wuƙar burodi da gefen rigarta, alhali wuƙar fes take.

"A naɗe da tsumma mana," in ji wani.

"Ƙafar tsohon wando," in ji Eero. "Babana haka yake yi."

"Sarƙa za ta huda," na ce. "Mista Beaudoin ba yaro ba ne, zai taɓa da hannu."

Pappa ya ajiye kofinsa. "Ni dai ba ruwana da rigimarku, ina da nawa. Aila, ɗauko mini tiyona a bayan mota."

"Wane tiyo?"

"Baƙin nan. Shekara talatin yana nan."

Sai na tuna da wankin motar jiya. Na fita, na zagaya bayan zaure, na zura hannu har kafaɗa cikin kwandon shara, tsakanin ɓawon ayaba da dusar gahawa. Kawu Urho ya biyo ni har bakin ƙofa don kada wani abu ya wuce shi.

"Ku zo ku gani! Ilimi ya shiga bola!"

Na kawo wa Pappa macijinsa. Ya karkaɗe shi, ya zura a kan ƙarfen zartonsa, ya shige daga baki har tushe, ya zauna daram. Sai a lokacin na gane abin: guntun tiyon kashe gobara ne, mai saƙa ninki biyu da roba a ciki, an lanƙwashe bakinsa an ɗinke.

"Pappa! Kana da wannan duk shekarun nan, me ya sa ba ka sawa?"

"Ina sawa. In zan je nesa."

"Ina ne nesa?"

"Ban cika zuwa nesa ba."

Goggo Darlene, shugabar 'yan kashe gobara, ta miƙe tana goge baki. "Irin wannan? Ai muna da naɗi biyu a sama, sun faɗi gwajin ruwa tun bariya, na rasa yadda zan yi da su. Urho, daina washe baki ka hau tsani."

Ban taɓa ganin dattawan nan sun yi sauri irin na safiyar nan ba. Aka warware tiyon a tsakar zaure, ya miƙe tun daga ƙofa har bango. Ni ce mai awo, kuma wannan karon zarto ɗaya-ɗaya na bi, ina ƙara inci uku na lanƙwasa. Eero yana yankawa da zarton ƙarfe. Pappa yana huda da basilla. Inna Impi ta ture kowa ta zauna a kan ɗinki, ta ce hannun da ya saƙa dardumar tsumma ɗari biyu ba zai tsaya kallo ba. Zaren kamun kifi take ja, tana ɗaurewa da haƙori.

"Inna, a hankali da haƙoran nan."

"Na kanti ne, 'yata. In sun karye a sayo wasu."

Na ce kowane kube sai an huda shi an sa igiya an ɗaure a marikin zarto, don kada ya zame a gargada. Kawu Urho ya ce wannan kuma ƙari ne, ba ya cikin takarda. Na ce yana cikin tawa takardar. Ya zare igiyar takalminsa ya ɗaure, yana gunaguni, ya tafi mota da takalmi ɗaya yana lakaf-lakaf. Goggo Darlene ta bi kowane kube da alƙalamin fenti tana rubuta sunan mai shi. A kan na Kawu ta zana fure.

Takwas saura kwata muka tashi, mota biyar. Takwas da minti ashirin da shida muka iso. Mista Beaudoin yana jingine da ƙofar ƙarfe, makulli a hannu, ya riga ya dubi agogo sau nawa ban sani ba.

Ya bi motoci ɗaya bayan ɗaya. Huluna, ya ƙirga. Wanduna, ya ƙirga. Ya zo kan zartuna, ya ɗaga na Eero, ya juya shi, ya matsa tiyon da tafin hannu a daidai haƙora, ya ja da ƙarfi. Igiya ta riƙe.

"Wa ya yi wannan?"

Kowa ya nuna wani. Pappa ya nuna ni, na nuna Pappa, Kawu ya nuna kansa.

"Lokacin da nake aikin kashe wutar daji, irinsa muke sawa," in ji Mista Beaudoin. "Na roba in sanyi ya yi tsanani tsagewa yake. Akwai saura?"

"Naɗi guda da rabi," in ji Goggo Darlene.

"Ki ajiye mini inci talatin."

"Kai ma bayan naka ya daina lanƙwasawa?" in ji Pappa.

Mista Beaudoin ya juya ya buɗe ƙofa.

Ranar mun yi aiki har hannuwa suka daina jin sauro. Ina durƙushe da ɗan gajeren zartona, gwiwoyina cikin laka, dattawa suna tsaye ƙiƙam suna yanka kamar masu shara. Duk wanda ya gama sai na ji ya ƙwala mini kira, "Farfesa, duba!" ya ɗaga zarto yana zura kube a gabana, don tsokana. Ban damu ba. Su yi ta tsokana, in dai suna zurawa. Sawu goma sha ɗaya muka kai gidan Inna Impi, muka ƙare faskare a Asabar biyu da suka biyo baya.

Carl ya zo ranar huɗu ga Yuli kamar yadda ya ce. Ya tsaya gaban rumfa, ya ga itace har rufi, ga wani layi biyu a jikin sauna. Ya cire hula ya sosa kai, ya ce, "Mama, wannan ai na shekara biyu ne."

"To sai ka dawo da maganarka bayan shekara biyu," in ji ta. "Shiga ka ci abinci."

Da zan tafi ta riƙe ni a ƙofa. "Robobin nan naki masu ruwan lemo guda takwas, me za ki yi da su?"

Na ce ban sani ba, ko ganinsu ba na son yi.

"Kawo mini."

Na kai mata washegari. Bayan mako guda na bi ta hanyar tafki, sai na gan su. Ta sa Carl ya kafa dogayen sanduna takwas a gefen hanyar shiga gidanta, huɗu dama huɗu hagu, ta kifa kube ɗaya a kan kowace. Suna ta ƙyalli a rana, ana hango su tun daga kwana. Na tsaya na tambaye ta na mene ne.

"Na mai motar share ƙanƙara ne, don ya riƙa ganin iyakar hanya," ta ce. "Bara sau biyu yana faɗa mini cikin lambu. Bana ba shi da hujja."