Duwatsun Kabarin Hamdan

Zahiyya ta sayi tikitinta kamar kowa, aka ɗaura mata zaren roba shuɗi a wuyan hannu sai ka ce akuyar da za a kai kasuwa. Ita ce ta talatin da ɗaya a jerin sunayen da sojan gaɓa ya ƙirga a tashar jiragen ruwa ta Safaga kafin jirgi ya tashi. Sauran talatin ɗin tawul suka riƙo da man shafawa na rana. Ita kuwa jarkar ruwan daɗi ta ɗauko, da ɗanyen ganyen dabino guda biyu.

Wajen mijinta za ta. Hamdan masunci ne. Shekara ashirin da shida ke nan ciwon ciki ya kama shi a teku, ya cika suna tafiyar kwana biyu da gari, abokan sana'arsa suka binne shi a tsibirin Umm Sadaf suka kewaye wurin da duwatsun murjani. Kowane watan Rajab ƙanenta kan kai ta a kwalekwalensa ta zuba wa kabarin ruwa. Sai aka ba wani kamfani tsibirin, aka hana masunta sauka. Shekara uku tana cizon yatsa, a ta huɗu ta ce tunda baƙi kaɗai ake bari, to ita ma ta zama baƙuwa.

Matuƙin jirgin, Rayyis Mabruk, ya gan ta tun tana hawowa. Da samartakarsa a kwalekwalen Hamdan ya koyi teku, yanzu ga furfura ga tumbi ga farar riga mai tambarin kamfani. Ya dubi jarkar, ya dubi ganyen, sai ya shiga goge gilashin gabansa, gilashin da ba ko ƙura.

"Ba gaisuwa, Rayyis?"

"Sannu da zuwa, Umm Gharib," ya ce, yana kiranta da sunan ɗanta. "Ya jiki?"

"Jiki ga shi, ya kawo kansa."

A tsayawar farko aka ɗaure jirgi a saman duwatsun murjani na ƙarƙashin ruwa, mutane suka sa gilashin ido da bututun numfashi suka yi ta faɗawa ruwa tinjim-tinjim. Jagoran baƙin, wani dogo mai baki kamar rediyo, ya sanar cewa wannan wuri sunansa Aljannar Kifi. Ya zo gabanta da takalman iyo yana kaɗawa.

"Hajiya, lamba nawa? Yau sai kin gaisa da kunkuru!"

"Kai dai je ka gaisa da danginka. Kuma wurin nan sunansa Haƙoran Kare. Kwalekwale uku ya ci kafin a haife ka."

"To Hajiya, wa zai biya kuɗi ya zo Haƙoran Kare?"

Ma'aikatan jirgi suka fashe da dariya, ita ma sai da ta murmusa. Ta leƙa ta gefe. Ruwan garau yake, ga kifaye rawaya da shuɗi suna kai da kawo a ƙarƙashin cikin Turawa. Ba ta ji haushin masu iyon ba. Abin kallo ne, Hamdan ma yakan dawo gida yana ba ta labarinsa kamar bai taɓa gani ba. Aka sake tsayawa a wani wurin, aka ci shinkafa da soyayyen kifi, sannan bayan azahar tsibirin ya bayyana.

Da ƙyar ta gane shi. Laimomin kaba sun jeru reras a bakin ruwa, ga gadajen kwanciya, ga kiɗa na tashi daga rumfar sayar da lemo. Jagora ya ce awa ɗaya da rabi, in an ji ƙaho kowa ya dawo.

Ta wuce laimomin da jarkarta, ta hau ɗan tudun da ke baya. Ba kewayen duwatsu. Ta tsaya cak. Sai ta yi yadda masunta ke yi in suna neman wurin kamunsu a tsakiyar ruwa: ta juya ta nemi ƙarfen fitilar jiragen ruwa, ta riƙa matsawa har ya daidaita da tsagar wani dutse da ke can ƙetaren ruwa, a babban tudu. Ta bi layin a hankali. Ya kai ta gaban wani lilo na katako da aka yi wa ado da furannin roba, ana layi ana hawa ana ɗaukar hoto. A gefensa an jera duwatsu a kan yashi da siffar zuciya, an shafe su da farin fenti.

Ta san su. Ga mai fuskar tafin hannu da ta saba dafawa in za ta tashi. Takaici ya taso mata, ba na kuka ba, na faɗa. Ta dire jarkar, ta zauna daram a gaban lilon, ta miƙe ƙafa.

Ba a jima ba manajan wurin ya iso, Ustaz Wa'il, ɗan Alƙahira, da baƙin tabarau da waya a hannu.

"Hajiya, don Allah ga inuwa can. Nan wurin hoto ne."

"Nan kabari ne."

"Subhanallahi! Wane irin kabari? Ina ginin? Ina allon suna?"

"Mu mutanen teku ba ma gini. Duwatsun can da kuka yi wa kwalliya, su ne."

"Hajiya, leburorinmu a warwatse suka tsince su. Ina da takardu, ba kabari ko ɗaya a tsibirin nan."

"Takardarka ta zo jana'iza?"

Ya tausasa murya, ya ce zai kawo mata lemon mangwaro kyauta. Ta ce ya sha abinsa. Ya ce zai kira masu gadi. Ta ce ya kira, su ɗauki tsohuwa cak a gaban masu ɗaukar hoton nan, ta ga ko gobe wani zai zo. Wa'il ya waiga. Lallai kam, wayoyi sun fara juyowa.

Ƙaho ya yi kuka. Mutane suka tattara tawul suka nufi jirgi. Ya sake kuka. Zahiyya ko gezau. Matar masunci ce, ta san doka sarai: jirgin da ya fita da talatin da ɗaya ba ya shiga tasha da talatin, kuma dole ya shiga kafin rana ta faɗi. Da wannan lissafin ta baro gida, ko da ba ta san abin da za ta tarar ba.

A ƙaho na uku Rayyis Mabruk ya sauko da kansa, yana tafe yana jan ƙafa.

"Yauwa Rayyis," in ji Wa'il, "fasinjarka ce. Wai mijinta na ƙarƙashin lilona. Shekara uku kana kawo mana baƙi kullum, ka taɓa ganin kabari a nan?"

"Umm Gharib," Mabruk ya ce ƙasa-ƙasa, "ki rufa mini asiri. 'Ya'ya biyar gare ni."

"Shi ma uku ya bari. Mabruk, dube ni. Wa ya haƙa?"

Ta nuna shi da yatsa.

"Da me kuka haƙa? Kai ka faɗa mini da bakinka ranar da kuka kawo mini rigarsa. Da murfin tukunya da hannu. Faɗa wa mai takarda."

Mabruk ya dubi yashi. Jagora da wasu baƙi sun dawo sun tsaya nesa kaɗan. Can sai ya ɗaga kai, ya nemi ƙarfen fitila, ya nemi tsagar dutse, sannan ya juya ya daidaita ƙarshen murjani da bakin tsibirin, layi na biyu da ita ba ta sani ba. Ya yi taku biyu zuwa hagu, daidai inda masu jiran lilo ke tsayawa.

"Kin kuskure kaɗan," ya ce. "Nan ne. Kansa na nan, fuskarsa alƙibla. Ni na kwantar da shi."

"Rayyis, ka san abin da kake yi kuwa?" in ji Wa'il. "Waya ɗaya zan buga wa mai jirgi."

"Buga, Ustaz. Ka gaishe shi."

Ya je ya sunkuya ya ciccibi dutse na farko daga cikin zuciyar nan. Jagora ya yi wa baƙin bayani da harshensu, kalma uku ko huɗu, karon farko da ya taƙaita magana tun safe, sannan shi ma ya ɗauko ɗaya. Wani dattijon Bature da rana ta gasa wa baya ya cire hularsa ya bi sahu. Wani leburan wurin, mutumin Ƙina, wani gari can nesa da teku, ya zo yana salati yana rantsuwa wallahi bai sani ba, a garinsu kabari gini ne. Zahiyya ta ce ta yarda, ya kashe mata kiɗan can kawai. Ya ruga ya kashe.

Ita ke nuna wa kowa inda zai ajiye. Mai fuskar tafin hannu ta karɓa da kanta ta sa a wajen kai. Ta kafa ganyen dabino, ta buɗe jarka ta zuba daga kai zuwa ƙafa, yashi na shanyewa nan take. Wa'il na gefe da waya a kunne, ba mai kallonsa.

Mabruk ya matso kusa da ita, farin fenti duk ya ɓata masa riga.

"Wallahi Umm Gharib, kullum in na kawo baƙi sai na tsaya can na yi masa Fatiha. A zuci."

"A zuci," ta ce. "Shekara uku suna tsaye a kan fuskarsa kana yi a zuci."

Ta miƙa masa jarkar, da sauran ruwa kaɗan a gindinta.

"Zuba. Kuma ka ɗaga murya, ya daɗe bai ji ka ba."