Raken Rahamatu

"Inna, ashe namijin doki ma yana yin ciki?"

A gaban kakanta da baƙinsa masu sayen goro Rahamatu ta yi tambayar. Ina bayan zana ina tankaɗe, na ji zauren ya kwashe da dariya. Baba Shitu, mahaifin mijina, bai yi dariya ba.

Gaskiyar yarinya. Bidi, dokin da Baba ya sauko da shi Agege a taragon shanu tun barinsa soja, ya yi tumbi kamar randa, gadon bayansa kuwa ya lotsa. Gashinsa ya yi tsawo ya nannaɗe, ya ƙi zuba duk zafin Ikko. Ruwa bokiti huɗu ba ya isarsa.

Akwai abin da ni kaɗai na sani. Kullum jirgin ƙasan Arewa ya tsaya, Baba zai sayo wa jikarsa rake da alewa. Haƙoranta sun fara baƙi. Ni kuma wata bakwai da zuwanmu gidan ban taɓa buɗe baki a gaban surukina ba, balle in ce masa ya daina. Sai in karɓe, in yanka, in zuba wa Bidi a komi. Yarinya ta tsira, tsohon doki ya sami daɗi. Har yaba wa kaina nake.

Ran Laraba da safe na fita da bokiti, sai da ya suɓuce mini. Bidi ya miƙe ƙafafun gaba can gaba, ya koma baya kamar mai shirin zama, gumi na zuba. Na taɓa kofatonsa, zafi kamar murhu. Innalillahi!

Aka kira Ƙasimu, wanda ya yi aikin barga a filin sukuwa na Ikko. Ya shafa gashin, ya danna kofaton, dokin ya yi wani nishi.

"Tsoho, ka ga gashin nan? Likitan bargarmu yana zaton wani ɗan ƙullutu ne can ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yake rikita jinin tsofaffin dawaki. Zato ne fa, ban rantse ba. Amma mai irin wannan, zaƙi a kofato yake sauka masa. Me kake ba shi?"

"Harawa da dusa. Ni za ka koya wa kiwo? Kana tsumma nake hawa."

"To in ba abinci ba ne, ya fi ƙarfina. A hutar da shi kafin kofaton ya zare."

Baba ya ce a ɗauko masa bindigarsa.

Ban san lokacin da na fito daga bayan zana ba. Na durƙusa.

"Baba, ku gafarce ni. Ni ce. Raken da kuke sayo wa yarinya, shi nake ba."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan Sallah."

Ƙasimu ya riƙe baki. "Wata biyar? Yarinya, da kin ba shi guba ai da an fi saurin ganewa!"

Baba ya dube ni, karo na farko ido da ido. "Me ya hana ki ce mini in daina saye?"

Sai Rahamatu ta wangale masa baki, ta nuna haƙoran.

Aka mayar da bindiga. Muka yi ta jido yashi mai sanyi daga rafi muna tsayar da Bidi a ciki. Busasshiyar ciyawa kawai yake ci yanzu, sai na jiƙa ta na tsiyaye ruwan, kaɗan-kaɗan sau biyar a rana. Ba hatsi, ba ɗanyen haki. Ya tashi, amma da ɗingishi, kuma Baba bai ƙara hawansa zuwa Juma'a ba. A ƙasa yake tafiya.

Ke mai tsohon doki a gida, in kin ga gashinsa ya ƙi zuba, yana shan ruwa ba ƙoshi, kada ko ɓawon rake ya shiga kominsa. In kuma akwai maganar da za ki faɗa wa babba, ki durƙusa ki faɗa tun da wuri.