Gindin Ɗorawar Iyaka

Shuɗin ɗigon da ke fuskar na'urar gano wuri ta tauraron ɗan'adam ya ƙi zama wuri guda, yana ta yawo kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Sajan Badi'a tana tsaye a gindin ɗorawar da ta raba gonaki biyu a gefen Madadi, gawar Jibirin makiyayi kwance gabanta, an lulluɓe ta da mayafi. In ɗigon ya karkata gabas, gonar Alhaji Tasi'u ce. In ya yi yamma, gonar Najmuddeen ce, saurayinta da aka sa musu ranar aure bayan kaka.

"Sajan, taurarin naki barci suke?" in ji Sufeto Hambali, mai gidanta a wurin aiki. "Gonar da ɗigo ya zauna, mai ita zai bi mu caji ofis a Gwarzo."

"Ganye ne ya tare su, ranka ya daɗe. A inuwa takan yi kuskuren mita goma."

Mai unguwa ya gyara murya. "'Yata, ai ba nan ya faɗi ba. Ba ma barin Musulmi a rana. Ɗauko shi muka yi, muka fuskantar da shi alƙibla."

"Baba, wa ya fara ganinsa?"

"Najmuddeen. Shi ya ce a ɗauke shi, yaron kirki. Kafin mu iso ma har ya jawo shi kusa."

 Badi'a ta tuna yadda makon jiya, a zauren gidansu, Najmuddeen yake cizon leɓe yana ba ta labarin shanun da suka cinye masa wake.

"Malam Najmuddeen," ta ce, sunan da ba ta taɓa kiransa da shi ba, "nuna min wurin."

Ya wuce gaba, ya tsaya a fili cikin gonar Alhaji, inda sawun jama'a ya tattake komai. Ta bi shi. Babu ganye a sama, nan take ɗigon ya tsaya cak.

"Kin ga ta natsu," ya ce a hankali. "Danna mana, Badi."

Babban yatsanta yana kan maɓallin da zai ajiye wurin a matsayin inda gawar ta faɗi. Babu jini a ƙasar, ko ƙuda ɗaya bai sauka ba. Ta ɗaga kai ta bisa kafaɗarsa. Can yamma, tsakanin kunyoyin gonarsa da suka bushe tun noman maimai, akwai wani wuri mai faɗin tabarma da aka juya ƙasarsa, ɗanya shar.

"Badi," ya sake cewa, da muryar da yake yi mata sallama da yamma.

Ta janye yatsanta. Ta raɓa ta gefensa ta nufi yamma, ɗigon yana bin ta sawu da ƙafa, ba ya ko girgiza.