Ƙura ta Ƙofar Baya

Tun shekarar da aka gudo daga Mubi, numfashin Asta bai koma yadda yake ba. A ƙafa ta yi yawancin tafiyar, cikin ayarin mutane da dabbobi, tana shaƙar ƙurar da sawunsu ke tayarwa, har wata motar kaya ta kwaso su zuwa Yola. A sansanin 'yan gudun hijira Hamajoɗa ya fara ganinta, lokacin yana tuƙa tankar ruwa. Ta zo da jarka, ƙirjinta na fito kamar kukan ɗan tsako. Ya karɓi jarkar ya kai mata har tanti, daga nan kuma zuciyarsa ba ta sake komawa hannunsa ba.

Likita ya ce asma ce, a kiyaye ta da ƙura. Hamajoɗa ya riƙe maganar nan da hannu biyu. Bayan aurensu, a gidansu na Shagari Low Cost shi ke yayyafa ruwa ya yi shara, maƙwabta na leƙe suna dariya. Ƙauyen mahaifiyarta kuwa, can bayan Hong inda kwalta ta ƙare, ya hana ta zuwa. Mahaifiyar tata, Dada, ce ke zuwa duk shekara, har bana da ƙafafunta suka ƙi, ta aiko cewa tana son ganin 'yarta tun tana iya gane fuska.

Asta ba ta yi kuka ba, abinci kawai ta daina ci sosai. Sai Hamajoɗa ya sauko.

"Za mu je. Amma kina fara tari zan juya kan mota."

"Na yarda, Baban Nahla."

Ya aro tsohuwar jif ɗin Bappansa, mai ja da ƙafa huɗu, wadda na'urar sanyinta ta daɗe da mutuwa. Ya kai ta garejin Apollos a Jimeta, abokinsa tun zamanin tanka. Aka sauya robar ƙofofi, aka sa sabuwar matatar iska.

Apollos ya goge hannu ya ce, "In ka shiga jan ƙasa, rufe gilas duka, kunna fanka har ƙarshe, ka bar shi ya ja iskan waje."

"Iskar waje? Ai ita nake gudu."

"Iskan gaba mai kyau ne. Motan nan in yana gudu, bayansa yana tsotso kamar jariri. In iska bai cika cikinsa ba, ƙura zai shigo ta but, ƙofan baya. Abeg, kar ka yi mini wayonka na Fulani."

"Gwauro ne zai koya mini kula da mace?"

"Mota nake koya maka, Oga. Mace kam ka fi ni."

Suka yi dariya suka rabu. Amma da yamma Hamajoɗa ya tsaya yana kallon ramukan da ke ƙasan gilashin gaba, inda fanka ke jan iska, hankalinsa ya ƙi kwanciya. Ta nan fa waje zai shigo ya taɓa ƙirjin Asta. Ya samo leda da salatif ya liƙe su tsaf, ya kashe fankar. Sai a lokacin ya ji ya yi abin da miji ya kamata ya yi.

Bayan sallar asuba suka bar 'yarsu Nahla wajen maƙwabciya suka kama hanya. Ya sa Asta a kujerar baya don ta miƙe ƙafa, tana rungume da atamfa da man zafin da ta saya wa Dada. Suka haye gada, Binuwai ya janye duk yashi ya fito, suka wuce Girei, suka wuce Song. Tana ta hira, tana nuna masa duwatsun da ta sani. Rabon da ya ji muryarta haka har ya manta.

Rana ta ɗaga suka sauka daga kwalta. Bazara ce, ƙasa ta bushe ta zama gari. Ya ɗaga gilasai duka, motar ta koma tanda, gumi na bin bayansa. Bai damu ba, tunda ya san ya toshe ko'ina.

Hirar ce ta fara yankewa. Ya duba madubi, sai ya ga ta cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunta na rawa, ba sauti. Haɗiye tarin take yi don kada ya ji. A hasken ranar da ya ratso ta gefe kuma ga jar ƙura tana yawo a saman kanta.

Ya taka birki.

"Asta."

"Lafiyata ƙalau."

Kafin ta rufe baki tarin ya ƙwace mata. Ya zagayo da sauri, ya lalubo abin shaƙarta a jaka, ya riƙe mata kai har numfashin ya fara daidaita. Sannan ya koma mazauninsa ya fara murza sitiyari.

"Alkawari muka yi," ya ce, bai kalle ta ba.

"Na sani." Muryarta a dushe. "Amma in ka juya ma, cikin wannan ƙurar za mu koma. Baban Nahla, shafa gaban motar."

Ya shafa saman dashbod, yatsansa ya fito fes.

"Yanzu dubi bayana."

Ya waiwaya. Bayan mayafinta ya rine ja, jakar atamfar ta yi ja, gefen ƙofar but kuwa ƙura ta yi layi kamar an barbaɗa barkono. Ya toshe gaba, motar ta yi ta zuƙa ta baya, daidai inda ya zaunar da ita da hannunsa.

Ya saki sitiyarin. Sannan ya fita, ya ɗaye salatif ɗin ya cusa ledar a aljihu. Ya jiƙa tsumma ya goge kujeru, ya dawo da ita gaba kusa da shi. Ya kunna fankar har ƙarshe, ya buɗe mata hanyar iskar waje.

Iskar ta bugo fuskokinsu, da zafinta, amma ba ƙura. Ya ja a hankali, kunnensa na kan ƙirjinta fiye da kan inji. Wata akori-kura ta wuce su, ya kashe fankar ya tsaya har ƙurarta ta kwanta, sannan ya ci gaba. Can ya ji ta ɗora hannu a gwiwarsa.

"Ga tsamiyarmu can," ta ce.

Dada na zaune a kan tabarma a ƙofar gida, ta kare ido da tafi tana kallon baƙuwar motar. Asta ta kai hannu za ta buɗe ƙofa, ya riƙe ta.

"Dakata kaɗan. Wadda ta biyo mu ba ta wuce ba."

Ƙurar da suka jawo ta iso, ta lulluɓe motar. Asta ta manna goshi a gilashi, hawaye na zuba, tana kallon mahaifiyarta ta cikin jan hayaƙin, shi kuma yana kallon ta. Da iska ta kwashe ta ƙarshe, Hamajoɗa ya fita, ya zagaya, ya buɗe mata ƙofar da kansa.