Takardar Janyewa a Hannun Ondina

A Kalifoniya, abin da miji da mata suka tara a zaman aure nasu ne su biyu. Shi ya sa da Ondina ta so gonar shanunsu ta koma wa Rui, ɗanta na auren fari, bayan rasuwarta, sai da mijinta Teofilo ya sa hannu. Da zuciya ɗaya ya sa.

Yanzu Ondina na kwance, ciwo ya cinye ta. Rui bai jira ba, ya kawo masu sayen fili suna awo har gindin tagar Teofilo. Lauya ta ce wa dattijon yana iya janye yardarsa ya tsira da rabinsa, amma dole takardar ta shiga hannun matar tana da rai. In ta cika, shi ke nan.

Bayan tatsar safe Teofilo ya nufi gida da takardar janyewa a aljihu. Rui na tsaye a ƙofa da ƙarfen sakatar garke.

"Ina zuwa, tsoho, da warin kashin shanu?"

"Wajen matata."

"Uwata ce kafin ta zama matarka. Kawo abin da ke aljihunka."

"Ni na koya maka tatsa, Rui. Matsa."

Ƙarfen ya sauka a damtsensa, ƙashi ya yi ƙara. Bugu na biyu ya same shi a baki, haƙora suka zube a dandamali. Rui ya durƙusa a ƙirjinsa yana lalubar aljihu. Teofilo ya laluba da hannun da ya rage, ya ji bokitin madara, ya maka masa a kunne. Rui ya kife, madara da jini suka gauraye.

Da rarrafe Teofilo ya shiga ɗakin Ondina. Mai jinya ta ƙwalla ihu. Ondina ta buɗe ido ta daɗe tana kallon bakinsa.

"Teo, wa ya yi maka haka?"

Ya ciro takardar daga aljihu. Ya riƙe ta, ya kasa miƙa mata, don ya san burinta ne zai rushe.

Daga waje Rui ke kira, "Mama! Kar ki karɓa!"

Ta juya wajen mai jinya. "Yarinya, daina ihu, ki duba agogo. Ki shaida da raina na karɓa."

Ta zare takardar daga yatsunsa, ta danne ta a ƙirji.