Tsumman Siddiƙ

"Sau uku ke nan kuna kawo shi da zazzaɓin nan," in ji Sista Sharifa, tana danna marar jaririn da yatsu biyu. "Yaya yake fitsari?"

Nasiha ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta, wanda har yanzu jar ƙasar hanyar Kebbe ke manne da shi. Surukarta, Inna Hinde, ita ke rungume da yaron tun da suka sauka daga babur a ƙofar asibitin Tambuwal, ita ce kuma ta amsa.

"Lafiya lau shika yi. Tsumma bai bushewa, 'yan nan. Yaro mai ƙoshi ke nan."

"Ba yawansa na tambaya ba, Inna. Tsartuwa yake yi ko ɗiga? Yana kuka?"

"Wa ka tsayawa kallon bawalin jinjiri?"

Sista ta juyo. "Ke ce uwar, ko? Ke nake tambaya."

Siddiƙ ɗan Nasiha ne na fari, a gidansu kuwa uwa ba ta kallon ɗan fari a gaban mutane. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ko kuka yake sai an ce mata, "Zo ki ba shi nono," ta zo kamar an tilasta ta. Wata biyar tana riƙe da wannan kunya, har matan gida na yabonta, suna cewa ɗiyar mutunci ce.

Amma ta sani. Duk safiya in Inna Hinde na yi masa wanka, Nasiha takan fake da shara a bayan zana, tana leƙe ta wata 'yar kafa. Ta ga ɗan maƙwabciyarsu, tsaransa, ya tsarta fitsari har fuskar kakarsa, aka yi ta dariya. Nata ɗan bai taɓa yin haka ba.

"Ita mi ta sani?" Inna Hinde ta yi 'yar dariya. "Na fari ne. Ko kallonai ba ta yi."

Sista ta jawo takarda. "To, in lafiya yake yi, sai in sake rubuta maganin da na ba ku wancan karon. Amma ku sani, ciwon mafitsara in yana dawowa, ƙoda yake ci a hankali."

Biro ya fara tafiya. Nasiha ta dubi ƙafar yaron, 'yar siririya, tana rawa saboda zafin jiki.

"Ɗiga shika yi," ta ce, da muryar da ita kanta da kyar ta ji.

Biro ya tsaya.

"Sai ya yi nishi tukuna, fuska ta yi ja, kamar mai kashi. Sa'annan ya fito kaɗan-kaɗan, ya tsaya, ya sake. Bai taɓa tsartuwa ba tun da aka haife shi. Kuma ko ya gama, nan ƙasan cibiya tauri gare shi. In na taɓa sai ya zabura." Ta nuna tsumman yaron. "Tsumman ma wari shika yi kwana biyu kafin zazzaɓin ya zo."

Nasiha ta ji idon surukarta a gefen wuyanta kamar garwashi. Da ƙasa za ta tsage, da ta shige. Gobe duk gidan za a ji cewa matar Haliru ta zauna gaban uwar miji tana lissafa fitsarin ɗan fari, har da taɓa masa ciki.

Sista ta yage takardar ta ɗauko sabuwa. "Wannan ba na magani kaɗai ba ne. Mai yiwuwa akwai abin da ya tare hanyar fitsarin tun daga ciki, shi ya sa yake kwanciya ya jawo ciwo. Sakkwato za ku, a yi masa hoto. In shi ne, ana gyarawa. Amma duk abin da kika faɗa mini, haka za ki faɗa wa likita."

"Yaushe kinka ga duk wannan?" Inna Hinde ta tambaya, ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Ta kafar zana, Inna."

Tsohuwar ta daɗe tana duban jikanta. Ta kai yatsa ƙasan cibiyarsa, ta danna a hankali. Yaron ya zabura.

"Sunan yaron fa?" in ji Sista, tana kallon Nasiha.

Nasiha ta ja mayafi ta kare fuskarta.

"Siddiƙ Haliru," in ji Inna Hinde. Sannan ta miƙa wa Nasiha yaron a gaban kowa. "Karɓi. Hannuna ya gaji."