Minti Ashirin na Wiebe

Ranar da za a binne Wiebe, manaja ta turo min saƙo: "Aukje, don Allah ki goge sunansa daga na'urorinmu yau. Doka ce."

Shekara sha tara ni da shi muna kula da kwamfutocin wani kamfanin cuku a garin Leeuwarden, teburinsa na kallon nawa. Matarsa Tjitske ta roƙe ni in shiga cikin mutum shida masu ɗaukar akwatin gawarsa, ƙarfe biyu a coci. Da ƙarfe ɗaya na sauka ɗakin manyan kwamfutoci da ke ƙarƙashin bene, in sauke wannan baƙin aikin in huta. Waya da jaka na bar su a sama, ai minti biyu ne.

Wiebe yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ƙona min rai. Ko ɗigo ba ya canjawa sai ya fara umartar na'ura ta mayar da komai yadda yake bayan minti ashirin, in bai dawo ya tabbatar ba.

"Tsoho, wai tsoron me kake ji?" nakan ce masa.

"Ke, uwar gaggawa. Ke nake tsoro."

Ni kuwa ran nan ban sa wannan umarnin ba. Na rubuta sunansa, na danna gogewa.

Fitilar ƙofa ta koma ja. Na goga katina na buɗe ƙofa, shiru. Ashe tun zamanin da aka haɗa makullin ƙofar, da sunansa yake aiki, kuma ba wanda ya taɓa rubuta hakan a ko'ina. Na juya in dawo da sunan, na'ura ta ƙi ni: izinina ma ta hannunsa yake bi. Maɓallin buɗe ƙofa na gaggawa ya mutu tun bazara, mun rubuta wa masu ginin har mun gaji. Na daki ƙofa, na yi ihu. Wa zai ji? Duk ofis sun riga sun tafi coci.

Na zauna a ƙasa cikin baƙar rigata, sanyi yana huda ni, fankoki suna ruri a kunnena. A raina na hango mutum biyar tsaye gefen akwati, Tjitske tana waiwayar ƙofa. Kukan da na kasa yi mako guda, a nan ya ƙwace min. Har zaginsa na yi, Allah ya sani.

Ɗaya da minti ashirin da biyar, ƙofa ta yi ƙas, fitila ta koma kore. A allo ga layi ɗaya:

"An soke canjin da ba a tabbatar ba. Aukje, na san ba za ki sa ba, shi ya sa na sa miki na dindindin. W."

A ƙasan saƙon na'ura tana tambaya ko in sake gogewa. Na bar ta da tambayarta, na haura da gudu na hau keke cikin ruwan sama.

Sun ajiye min gefen hagu na akwatin, ta wajen kansa.